Idan Kowace Al'umma Ta Taɓa Cin Wata da Yaƙi, Wa Ke Bin Wa Bashin Bauta?

Tun lokacin da Tarayyar Afirka ta ware shekarar 2025 domin neman adalci da diyya ga 'yan Afirka da zuriyarsu da ke warwatse a duniya, bayan taron da aka yi a birnin Accra a watan Nuwamban 2023, wata tsohuwar muhawara ta sake kunno kai a gidajen rediyo da shafukan sada zumunta. Wasu na magana tamkar Turawa ne suka ƙirƙiro bauta suka shigo da ita nahiyar da ba ta san ta ba. Wasu kuma, musamman 'yan siyasar Turai da ba sa son a ta da zancen kuɗi, sai su ce ai babu al'ummar da ba ta taɓa cin wata da yaƙi ko bautar da ita ba, saboda haka babu mai bin wani komai, a bar kaza cikin gashinta. To idan gaskiya ne mamaya da bauta da danniya sun daɗe suna maimaituwa a tarihin ɗan Adam, shin hakan ya wanke kowa ke nan, ko kuwa akwai sauran hisabi? A ganina magana ta farko kuskure ce a tarihi, ta biyun kuwa gaskiya ce da ake ɗaukowa domin a toshe bakin mai ƙara. Bahaushe yana da dalili na musamman na fahimtar duka biyun, domin kakanninsa sun ɗanɗani abin ta kowace fuska: an kama su, sun kama wasu, daga baya kuma an ci su da yaƙi da sunan hana kamun.

Abubuwa uku da ake cakuɗawa

Mamaya ita ce wata runduna ta karɓe ƙasar wasu da ƙarfin makami, ta ɗora musu mulkinta da harajinta. Bauta kuwa, kamar yadda yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 1926 ta fayyace, ita ce matsayin mutumin da ake gudanar da ikon mallaka a kansa, wato ana iya sayar da shi, ko a kyautar, ko a jinginar, ko a raba shi cikin gado tare da shanu da gonaki. Danniya ta fi su faɗi, domin ta haɗa da mutumin da ba a kai shi kasuwa ba amma an hana shi ƙasa da murya, an kuma tilasta masa aiki, kamar manoman Rasha da aka ɗaure su da gonakin iyayen gijinsu har zuwa 1861, ko baƙaƙen Afirka ta Kudu a ƙarƙashin mulkin wariyar launin fata har zuwa 1994.

Sau da yawa ukun tare suke tafiya: yaƙi ya samar da kamammu, kamammu su zama bayi, bayi su noma abincin mayaƙa ko su ɗauki makami a fita sabon yaƙi. Amfanin rarrabe su shi ne a gane cewa ana iya rufe kasuwar bayi amma danniya ta ci gaba da sabon suna, kamar yadda ya faru a ƙasarmu bayan 1903.

Me ya sa abin yake ta dawowa

Masu cewa bauta ta game duniya ba ƙarya suke yi ba. Dokokin Hamurabi na Babila, waɗanda aka rubuta kimanin shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sun tanadi hukuncin kisa ga wanda ya ɓoye gudajjen bawa. Rumawa sun rushe birnin Kartaj da ke Tunisiya ta yau a shekara ta 146 kafin haihuwar Annabi Isa suka sayar da waɗanda suka rage, kuma bayan sun murƙushe tawayen bayi na Sifatakus sun gicciye mutum dubu shida a bakin hanyar da ta nufi Rum. A kudancin Iraƙi, bayin da ake kira Zanj, masu aikin kankare gishiri a fadamun Basra, sun yi tawaye wa daular Abbasiyawa daga 869 zuwa 883. Mongolawa sun ƙone Bagadaza a 1258, waɗanda kuma suka taka musu burki a Ainu Jalut a 1260 su ne Mamalik na Masar, sarakunan da su kansu bayi ne da aka sayo suna yara. Turawa ma ba su tsira ba, domin 'yan fashin teku daga gaɓar Afirka ta Arewa sun kwashe mutanen wani ƙauye mai suna Baltimore a ƙasar Ailan a 1631.

Dalilin wannan maimaici ba ɓoyayye ba ne. Kafin zuwan injin, ƙarfin damtsen mutum da na dabba su ne kaɗai abin da ke noma, da haƙar ma'adini, da tuƙa jirgi, saboda haka duk wanda ya mallaki mutane ya mallaki dukiya. A wuraren da ƙasa ke da yawa mutane kuma ƙalilan, kamar yawancin Afirka ta Yamma a da, ɗa ba shi da dalilin yi wa wani ƙwadago alhali yana iya sare daji ya yi gonarsa, sai mai neman babban gandu ya koma ga kamu da saye. Ga kuma bambancin makami, wanda ke ba wa mai doki galaba a kan mai tafiya a ƙasa, ya ba wa mai bindiga galaba a kan mai doki. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda kowace al'umma sai da ta nemo hujjar da za ta kwantar wa kanta da hankali, ta shata iyaka tsakanin wanda ya halatta a kama da wanda bai halatta ba. Girkawa sun shata tasu da harshe, Kiristoci da Musulmin tsakiyar zamani da addini, Turawan baya da launin fata. Wannan neman hujjar shi kansa shaida ne cewa masu yin abin sun san akwai nauyi a cikinsa, kuma da zarar kasuwa ta buɗe baki, iyakar da aka shata ba ta hana a kama na gida.

Abin da ya bambanta cinikin Atlantika

Kasancewar abu ya faru a wurare da yawa bai sa ya zama iri ɗaya ba. Daga 1444, lokacin da aka raba kamammu 235 a garin Lagos na ƙasar Fotugal, zuwa shekarun 1860, bayanan jiragen ruwa da masana suka tattara sun nuna an loda 'yan Afirka kimanin miliyan 12 da rabi, kimanin miliyan 10.7 ne suka sauka da rai, kuma Barazil kaɗai ta karɓi kusan miliyan biyar. Wannan ciniki ne na kamfanoni masu hannun jari da bankuna da inshora. A 1781 ma'aikatan jirgin Zong sun jefa mutum fiye da 130 cikin teku, kuma shari'ar da ta biyo baya a Landan ba ta kisan kai ba ce, rigima ce tsakanin masu jirgin da kamfanin inshora a kan wa zai ɗauki asarar kaya.

Sannan an ɗaure bautar da launin fata ta yadda babu mafita. Dokar Bajiniya, wani yanki na Amurka da Ingila ke mulka a lokacin, ta 1662 ta ce ɗa yana bin matsayin uwarsa, wanda ke nufin ubangida yana iya haihuwa da baiwarsa ya kuma sayar da ɗan cikinsa. Daga nan baƙar fata ta zama alamar bauta ko da mutum an 'yanta shi, kuma wannan tabon ne ya wuce soke bauta a Amurka a 1865 da Barazil a 1888 ya iso zamaninmu. Hausawa na cikin waɗanda aka tsallakar, musamman bayan yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19, kuma su ne suka jagoranci yunƙurin tawaye a Bahiya ta Barazil a 1807 da 1814, kafin babban boren Musulmi na 1835, wanda a bayansa hukuma ta samu layu da rubuce-rubucen Larabci a jikin waɗanda aka kashe.

Namu kason

A nan ne maganar ke yi wa da yawa daga cikinmu ɗaci. Ayarin bayi ya bi Sahara fiye da shekara dubu, ta Kano zuwa Agadas da Gat da Gadamas, ko ta Borno zuwa Bilma da Murzuk har Tarabulus, kuma matafiyan ƙarni na 19 sun ba da labarin ƙasusuwan mutane birjik a kusa da rijiyoyin hanya. Ƙorafi a kan wannan ma tsoho ne. Wajajen 1391 Mai Usman ɗan Idris na Borno ya aika wa Sarkin Masar Barƙuƙ wasiƙa yana kukan cewa Larabawan Juzam na kama talakawansa, Musulmi 'ya'ya, suna sayarwa. A 1615 Shehu Ahmad Baba na Tumbuktu, wanda shi kansa an tafi da shi Marrakesh a ɗaure bayan Maroko ta ci Songhai da yaƙi a 1591, ya ba da fatawa cewa launin fata ba ya halatta bauta, ya kuma ambaci mutanen Kano da Katsina da Borno a cikin Musulmin da bai halatta a mallaka ba. Fatawar ta kare wasu ta bar wasu, domin iyakar addini ta tsaya a kai.

Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo shi ma da wannan ƙorafin ya tashi. Cikin abubuwan da suka hanzarta hijira zuwa Gudu a 1804 akwai harin da rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta kai Gimbana, aka biyo da kamammu ta kusa da Degel, jama'ar Shehu suka kwance su. Sai dai daular da ta biyo baya ta zama ɗaya daga cikin manyan al'ummomi masu bayi a ƙarni na 19. Masana tarihi Paul Lovejoy da Jan Hogendorn sun ƙiyasta cewa wajajen 1900 akwai bayi tsakanin miliyan ɗaya zuwa miliyan biyu da rabi a cikinta. Rinji, wato ƙauyukan bayi manoma, da gandun sarauta sun kewaye Kano da Zariya da Sakkwato, bayi na cikin gaisuwar da masarautu ke aikawa, ana kuma kai hari ƙasashen kudu da Adamawa a kamo sababbi. Harin bai kasance ta gefe ɗaya ba, domin mayaƙan Ningi da Maraɗi da Damagaram su ma sun kwashi talakawan Kano da Katsina.

Masu kare wannan tarihi sukan ce bautarmu mai sauƙi ce, kuma akwai abin da za su nuna. Bawa na iya yin murgu, wato ya nemi na kansa yana biyan ubangidansa wani abu, ko ya fanshi kansa. Ɗan da sa-ɗaka ta haifa wa ubangidanta ɗa ne cikakke, har yana iya hawa gadon sarauta. Bayin sarki irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama a Kano sun riƙe iko da dukiyar da 'ya'ya da yawa ba su ko yi mafarkinta ba. Duk wannan gaskiya ne, kuma ya bambanta tsarin da na gonakin rake na Jamaika. Amma labarin waɗanda suka isa birni suka zauna ke nan. Wanda yake son ganin farkon hanyar sai ya duba rayuwar Dorugu, yaron da aka kama a ƙasar Damagaram yana ɗan ƙarami, aka raba shi da iyayensa, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har Kukawa, inda matafiyi Bajamushe Overweg ya 'yanta shi, daga baya ya bi wani matafiyin Bajamushe mai suna Barth zuwa Turai a 1855 ya ba da labarinsa da Hausa aka rubuta. Dorugu ya yi sa'a. Barth ɗin nan ya bi rundunar Borno zuwa ƙasar Musgu a ƙarshen 1851, ya ga yadda ake ƙona ƙauyuka, a kashe manyan maza, a kora mata da yara. Babu murgu ko sarautar fada da za ta share wannan ranar daga rayuwar wanda aka kama.

Baturen da ya zo hana bauta

Turawan mulkin mallaka sun yi amfani da wannan rauni namu. A taron Balin na 1884 zuwa 1885 da na Burasel na 1889 zuwa 1890 sun yi alƙawarin kawar da cinikin bayi, a daidai lokacin da suke raba nahiyar, kuma Sarki Liyofol na Beljiyam, wanda ya karɓi baƙuncin taro na biyun, shi ne ya mai da Kwango gandun roba inda ake yanke hannayen mutane. A ƙasar Hausa ta arewa rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni a 1899. Rundunar Ingila kuwa tushenta Hausawan da jami'in Ingila Glover ya tara a Legas a 1863, waɗanda da yawansu gudajjun bayi ne, wato an ɗauki waɗanda tsohon tsari ya zalunta aka ba su bindiga domin kafa sabo.

Bayan faɗuwar Kano da Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya tara manyan Sakkwato ya gaya musu cewa Fulani sun samu ikon mulki da karɓar haraji ne ta hanyar cin ƙasar da yaƙi, yanzu kuma an ci su, saboda haka duk wannan iko ya koma hannun Ingila. Ya kamata mai cewa "ai kowa ya yi" ya tsaya a kan wannan jawabin, domin hujjarsa ce tsaf, kuma wanda ya fara amfani da ita a kanmu mai mamaya ne da ke neman halatta mamayarsa.

Hana bautar ma a hankali aka yi shi, don kada noma ya tsaya kuma sarakuna su juya baya. Sanarwar 1901 ta haramta hari da kasuwar bayi, ta ce duk wanda aka haifa daga watan Afrilun shekarar ɗa ne, amma waɗanda ke hannu an bar su su fanshi kansu ta kotun alƙali, ba a soke bauta baki ɗaya a Arewacin Najeriya ba sai 1936. Mutanen Satiru da suka yi bore a 1906, cikinsu har da gudajjun bayi, an murƙushe su da haɗin gwiwar sojan Ingila da dakarun sarauta. A madadin rinji sai ga diban gwamna, ana kwasar talakawa aikin hanyar jirgin ƙasa daga Baro zuwa Kano, daga baya kuma haƙar kuza a Jos lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A yankin Faransa ma ba a soke aikin dole ba sai 1946.

Hujjojin da ke kan tebur

Masu adawa da diyya suna da hujjoji uku da ba za a yi watsi da su ba: waɗanda suka yi laifin da waɗanda aka yi wa duk sun mutu, sarakunan Afirka irin na Dahomi da Oyo da Asante su ne suka sayar da yawancin kamammun, kuma Birtaniya da ta haramta cinikin a 1807 ta kashe kuɗi da rayukan sojojinta wajen tare jiragen bayi.

Amsar da ta fi ƙarfi a wurina ba ta buƙatar a ce Turawa sun fi kowa mugunta. Ta dogara ne da cewa akwai hukumomin da suka karɓi kuɗin, suna nan da sunansu da baitulmalinsu, kuma takardun lissafin ba su ɓata ba. Da Birtaniya ta soke bauta a 1833 ta biya diyyar fam miliyan 20, amma masu bayin aka ba, bayin kuma aka tilasta musu ci gaba da aiki har 1838, kuma sai a 2015 aka kammala biyan bashin da ya haɗa da wannan rance. Haiti, wadda bayinta suka ƙwaci 'yancinsu da jininsu a 1804, Faransa ta jibge mata jiragen yaƙi a 1825 ta ɗora mata biyan faran miliyan 150, wanda daga baya aka rage zuwa 90, ƙasar ta shafe tsararraki tana biya da rance mai ruwa. Babu daular Rum da za a kai ƙara a yau, amma akwai baitulmalin Faransa. Wasu ma sun fara amsawa: Jamus ta amince a 2021 cewa abin da ta yi wa Herero da Nama a Namibiya kisan ƙare dangi ne, ta yi alƙawarin yuro biliyan 1.1 cikin shekara 30, ko da yake da yawa daga jikokin waɗanda aka kashe sun ƙi yarjejeniyar saboda ba a zauna da su ba. Firaministan Holan ya nemi afuwa a 2022, sarkin ƙasar kuma a 2023. Hannun sarakunan Afirka a cinikin yana ƙara yawan masu laifi ne, ba ya rage kason mai saye.

Haka nan yawan maimaituwar abu bai hana a daina shi ba. Ahmad Bey na Tunis ya soke bauta a 1846, kafin Faransa da Amurka, kuma kundin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1945 ya haramta ƙwace ƙasa da ƙarfi. Ana karya wannan doka, amma mai karya ta a yau sai ya nemo uzuri, ba ya iya tsayawa ya yi irin jawabin Lugga.

Inda abin ya taɓa talaka

Ko an biya diyya, da wuya ta zo a matsayin kuɗi a hannun kowa. Abin da ƙasashen Karebiyan suka nema a shirinsu na 2014 ya fi karkata ga neman afuwa da yafe bashi da tallafin lafiya da ilimi, kuma amfanin irin wannan ga mai noma a Dawakin Tofa ko Madawa ya dogara ne da amanar gwamnatocin da za su karɓa. Abin da ya fi kusa da talaka shi ne ragowar bautar da ke tsakaninmu. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da abokan aikinta sun ƙiyasta cewa a 2021 mutum miliyan 50 ne ke cikin aikin tilas ko auren tilas. A 2017 an ga bidiyon gwanjon baƙin haure a Libiya, kan tsohuwar hanyar da ta ratsa Agadas. Matasanmu mata da ake ɗiba aikatau ƙasashen Larabawa sukan tarar an karɓe musu fasfo, ba su da ikon sauya uwar ɗaki.

A Nijar sai a 2003 aka mai da bauta laifi mai hukuncin ɗaurin shekara 10 zuwa 30, bayan doguwar fafutukar ƙungiyar Timidria. Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana shekara 12 a kan jaka 240 na sefa ta zama wahaya, wato macen da ake ajiyewa bayan mata huɗu ba tare da aure ko sadaki ba, ta kai ƙasarta ƙara kotun ECOWAS, kuma a watan Oktoban 2008 kotun ta samu gwamnati da laifin gaza kare ta, ta umarci a biya ta sefa miliyan 10. Wannan ita ma diyyar bauta ce, kotun Afirka ce ta yanke ta a kan gwamnatin Afirka, kuma yankin da abin ya faru, tsakanin Tawa da Ƙonni, da Hausa ake ciniki a kasuwanninsa.

A Najeriya sashe na 42 na kundin tsarin mulki ya hana a tauye wa mutum haƙƙi saboda yanayin haihuwarsa, amma har gobe akwai gidajen da in an zo neman aure ake aikawa a binciko asali, a fasa idan an ji kakan yaro bacucane ne, wato ɗan bayi, ko da kuwa shi yaron alaramma ne ko likita. Kotu ba ta iya tilasta wa uba ya ba da 'yarsa, saboda haka wannan aiki ne na malamai da sarakuna da masu rubuta manhajar tarihi, waɗanda har yanzu suke koyar da yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 da sunayen sarakunan da suka yi nasara ba tare da ambaton ƙauyukan da aka kwashe ba. Wakilan da za mu tura su zauna da Landan da Paris za a tambaye su wannan a zaman farko, kuma zai fi musu sauƙi idan jikokin mutanen rinji da matan da suka fito daga wahaya suna cikin tawagar.